Shekarar Farko Kafin Sifana

Matashin da ya taso daga Kazage ko Kuyello a yankin Birnin Gwari ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda aka kafa a 1956, yakan yi zaton ranar farko za a miƙa masa sifana a ce ga inji nan. Sai ya tarar da lissafi, zanen fasaha, Turanci da dokokin kiyaye haɗari a ɗakin aiki, kamar yadda manhajar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) ta tanada. Iyaye da yawa na ganin ɓata lokaci ne, tunda yaron bakanike a tasha wata shida ya ishe shi ya fara kwance kafireto. Gaskiya ne, amma wannan yaron injin da ya saba gani kaɗai ya sani. A ba shi zanen famfon sola da za a haɗa wa rijiyar burtsatse, da ma'aunin milimita da alamomin waya, nan ake yin ta.

Ga ɗaliban Birnin Gwari kuwa, darussan nan sun fi zama dole. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin an rufe makarantu da dama, har ɗalibi kan fito da takardar sakandare alhali kason lissafi na ba shi wuya. Inda masu suka ke da hujja shi ne cunkoso: aji ya cika maƙil, ɗalibai na karɓa-karɓar allon zane ɗaya, malami bai san wanda aka bari a baya ba. Ƙarin malamai da kayan aiki ake buƙata a ajin farko, ba rage darussa ba.