Tsohon Doki Sai Mai Shi

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sojan Ingila ya waiwaya ya ga dawaki da alfadarai jibge a Masar da Falasɗinu, ba shi da sauran abin yi da su. Su ne suka ɗauki mayaƙan Janar Allenby daga hamadar Sina'i suka shiga Birnin Ƙudus a ƙarshen 1917, suka kai su Dimashƙu a Oktoban 1918. A kan hanya sukan yi kwana biyu bakinsu bai taɓa ruwa ba. Mayar da su gida kuwa sai an kashe kuɗi, ga jirgin ruwa, ga abinci, ga tsoron kada su kai wata cuta. Aka zauna a ofis aka buga lissafi, lissafi ya ce a rabu da su. Waɗanda suka tsufa aka harbe, kimanin 20,000 aka yi gwanjonsu a Masar. Ostiraliya kaɗai ta tura dawaki sama da 130,000 wannan yaƙi, ɗaya tak ya koma gida, wani mai suna Sandy, shi ma don dokin janar ne.

Waɗanda suka saya ba sarakai ba ne. Masu keken doki ne na haya, da masu amalanke, da masu jigilar dutse daga wuraren fasa dutse na bayan Alƙahira. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san abin da wannan ke nufi, domin doki ba kayan talaka ba ne. Leƙa barga a Yakasai ko Ƙofar Nassarawa ka gani: dawa ko gero safe da yamma, damin harawa, dusa da kanwa, wanka, sharar turke, ga yaron da aikinsa ke nan. Akwai gidan da sai doki ya ci kafin a ɗora tukunya. To waɗannan dawakin soja manya ne, ingarmu, an raine su a kan hatsi mai yawa. Suka faɗa hannun mutanen da su kansu burodi da wake suke ci su kwanta. Mai doki ya sayi ƙarfi da araha, bai san ya sayi ciki ba.

Shekara goma sha biyu aka yi a haka. A Oktoban 1930 wata Baturiya mai suna Dorothy Brooke ta sauka a Alƙahira tare da mijinta, Birgediya Geoffrey Brooke, wanda aka tura ya jagoranci rundunar sojan doki ta Ingila a Masar. Tana da shekara arba'in da 'yan kai, kuma ta san doki tun tana yarinya. Abin da ake jira daga matar babban hafsa a lokacin bai wuce liyafa da kallon sukuwa da wasan folo ba. Amma tun a bakin tashar jirgin ƙasa idonta ya faɗa kan dawakin da ke jan keken haya. Haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, gwiwa ta kumbure, ƙudaje sun rufe ido, miki a duk inda igiya ta kwanta. Ƙirarsu kuma ba ta dawakin Larabawa ba ce, sun fi su tsayi da faɗin ƙashi. A ɗuwawun wasunsu har yanzu ana ganin tambarin sojan Ingila, wata 'yar kibiya da aka yi musu da wuta. Wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu ya kusa shekara ashirin.

Ta shiga neman su lungu-lungu. Da farko da kuɗin aljihunta da na ƙawaye take saye, sai ta ga abin ya fi ƙarfin aljihu. A Afrilun 1931 jaridar Morning Post ta Landan ta buga wasiƙarta, inda ta faɗa wa mutanen Ingila halin da dawakin da suka yi musu yaƙi ke ciki, ta nemi a taimaka a fanshe su. Kuɗi ya yi ta zuwa ta gidan waya, daga masu hali da kuma tsofaffin sojojin da suka bar dawakinsu a can suna hawaye. Hoton wani tsohon doki da aka sa wa suna Old Bill, ɗaya daga cikin na farko da ta saya, ya yi ta yawo hannu-hannu a Ingila, ya fi kowace wasiƙa aiki.

Aka kafa kwamiti, aka sa ranar saye. Labari ya bazu har ƙauyuka cewa ga wata Baturiya tana sayen dawakin da suka ƙare, kuma tana biya. Mutane suka riƙa zuwa da asuba suna jan layi, wani ya janyo nasa da ragama daga nesa, wani nasa ba ya iya tafiya sai an ɗoro shi a amalanke. Sai a duba tambari, a buɗe baki a duba haƙori, a tabbatar tsohon dokin soja ne, sannan a yi ciniki.

A nan ne matar ta nuna ta fi yawancin 'yan'uwanta tunani. Turawan Alƙahira na lokacin sun riga sun yanke hukunci cewa Misirawa mugaye ne, ba su san darajar dabba ba, maganinsu tara da ɗan sanda. Ita kuwa ta tsaya ta dubi mutumin da ke riƙe da ragamar. Ta ga shi ma a rame yake, rigarsa a yage, ga 'ya'ya a gida, ga shi a shekarun da kasuwar auduga ta faɗi, talauci ya sauka a Masar. Wannan doki mai ɗingishi shi ne jarinsa kaf. Ka ƙwace shi ka kashe gida guda. Ka ci shi tara, gobe ya ƙara wa dokin kaya don ya mayar da abin da aka karɓe. Saboda haka ta nace a biya kowa kuɗin da zai iya sayen wata dabbar ya ci gaba da neman abinci. An yi ta gunaguni cewa tana ba masu laifi lada. Ni dai a ganina ita ce mai gaskiya, domin ba a taɓa ceton dabbar talaka a bar talakan a rana, abin ya ɗore ba.

Cikin shekara uku ta sayi dawaki da alfadarai 5,000. Amma kada mai karatu ya zaci an kai su makiyaya sun tsufa cikin jin daɗi. 'Yan kaɗan ne suka murmure, aka mayar da wasu Ingila. Mafi yawansu sun riga sun lalace, makafi, guragu, waɗanda kofatonsu ya karkace har ba ya gyaruwa. Abin da aka iya yi musu shi ne a cire musu kayan ja, a wanke miki, a shigar da su barga mai inuwa, a ba su ruwa da dusa da ɗanyar ciyawa su yi 'yan kwanaki suna hutawa, sannan likita ya ɗauke musu wahalar gaba ɗaya. A littafinta na tunawa, wanda aka buga a 1960 bayan rasuwarta, ta ba da labarin yadda irin wannan doki kan tsaya cak a ƙofar barga idan kofatonsa ya ji laushin shimfiɗar ƙaiƙayi, kamar bai yarda ba, sai daga baya ya sunkuyar da kai ya sa baki a abinci. Ita ce ke tsayawa ta zaɓi wanda za a bari da wanda za a kashe, mako bayan mako. Wannan ba aikin mai neman suna ba ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa. Duk wannan hidima ta farko ta dawakin sojan Ingila ce kawai. Mutum ya zo da jakinsa mai gyambo a baya, ko dokinsa na gida da ya fi na sojan jin jiki, sai a ce ba shi a lissafi, don ba shi da tambarin kibiya. Tausayin ma da fasfo yake tafiya. Ita kanta matar hafsa ce a rundunar sojan da ke zaune a ƙasar mutane tun 1882, kuma gwamnatin mijinta ce ta jefa dawakin a wannan hali. Ba kuma Turawa ne suka kai wa Alƙahira tausayin dabba ba. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar waƙafin lambu guda don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida, har a ƙarni na 19 ana raba musu abinci da la'asar a harabar kotun babban alƙali. Musulmin Alƙahira, kamar na Kano, ya taso yana jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Sani bai yi ƙaranci ba, hali ne babu.

Abin yabon Dorothy shi ne ba ta tsaya inda ta fara ba. Da tsofaffin dawakin soja suka ƙare, kamata ya yi ta naɗe tabarma, masu ba da kuɗi ma abin da suka zata ke nan. Amma layin da ke ƙofarta bai ƙare ba, jakuna da alfadarai da dawakin gida sun fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba, kuma su ba za su ƙare ba. A 1934 ta buɗe asibiti a Alƙahira da sunan tunawa da tsofaffin dawakin yaƙi, ta ce duk mai dabbar aiki ya kawo, magani kyauta. Babu tambayar tambari, babu tara, babu ɗan sanda. Aka kuma yi ta fafutukar gina kwamin shan ruwa da rumfunan inuwa a wuraren da masu keken doki ke tsayawa. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano ba sai an yi masa bayanin amfanin rumfa ga dabbar da ke tsaye tun hantsi ba.

An sauya wa mijinta wurin aiki zuwa Indiya, daga baya suka koma Ingila, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo kuɗi ya yi wuya, amma asibitin bai rufe ba. Ta ci gaba da kai-komo tana roƙo tana rubuta wasiƙu. A Alƙahira ta rasu a 1955, a can aka binne ta. Asibitin yana nan har yau a unguwar Sayyida Zainab, likitocin Masar ke riƙe da shi. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Brooke ta yaɗu zuwa Iskandariyya da Luksor da Aswan, ta tsallaka Jodan da Pakistan da Indiya, ta shigo Kenya da Habasha, tana kuma da ofishin Afirka ta Yamma a Dakar. Yawancin aikinta yanzu a ƙauye yake da wuraren yin bulo, inda ake koya wa mai jaki yadda zai gyara akumari kada ya ci baya, da yadda ake datse kofato, da barin lalas a kan ciwon da allura za ta warkar.

Mu a nan Kano dokinmu ya yi sa'a. Yana da Shamaki a fada, yana da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, har a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya. Tsohon doki sai mai shi, in ji Hausawa, kuma galibi mai shi yana da abin riƙe shi. Wanda ba shi da kowa jaki ne. Shekaru aru-aru shi ne ke shigo da itace ta ƙofofin ganuwa da safe, ya fita da mangalar taki da toka zuwa gonakin kewayen birni, abin da ya sa ƙasar Kano take noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba. Shi ya ɗauko yashin da aka gina unguwanni da dama a wajen ganuwa. Amma da Turawa suka kafa aikin likitan dabbobi a Arewa, har suka gina cibiyar Vom a 1924, hankalinsu na kan shanu da cutar bushiya, saboda a nan jangali da fata suke. Har yau mai jaki a ƙauye idan dabbarsa ta kwanta, da wuya ya yi tunanin asibiti. Zai ce maka, Malam, kuɗin motar kai shi ma ya fi ƙarfina, sai dai a ba shi kanwa a bar wa Allah. A farkon 2019 wata murar dawaki da jakuna ta ratsa yankin nan, ta taɓa Sakkwato, ta kashe dubun-dubatar jakuna a Nijar, yawancinsu ba su ga likita ba.

Sannan ga wani mai saye ya ɓullo, shi ma yana biya da kyau, amma ba irin sayen Dorothy ba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a yi wani maganin gargajiya mai tsada, jakunansu suka yi ƙaranci, sai dillalai suka juyo Afirka. An daɗe ana lodin jakuna a manyan motoci daga kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa zuwa mayankar Ezzamgbo a jihar Ebonyi. Farashi ya tashi, wanda jakinsa ya mutu ko aka sace ba ya iya mayar da wani, ɗiban ruwa da itace ya koma kan mata da yara. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jaki don fata a duk nahiyar, kuma ƙungiyar Brooke na cikin waɗanda suka yi shekaru suna matsa lamba har aka kai ga haka. Shawarar ta hau kan Nijeriya kamar yadda ta hau kan kowa, sai dai Tarayyar Afirka ba ta da ɗan sanda a Maigatari, kowace ƙasa ita za ta yi dokarta ta tsare hanyoyinta.