FASHIN BAƘI: In an sauya wa tsohuwar mota shasi, ita ce dai ko wata ce daban? Yadda Birtaniya ke yanke hukunci

Tsohuwar Land Rover daga ƙasa take mutuwa. Mai ita zai iya shekara yana wanke ta yana gogewa, bodi na ƙyalli, inji na tashi da bugu ɗaya, har ranar da bakanike zai shiga ƙarƙashinta da 'yar guduma, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da ita, gudumar ta burma ciki. Wannan ƙarfe shi ne shasi, firam mai siffar tsani wanda inji da giya da tayoyi da bodi duk suke zaune a kansa.

Daga wannan rana aiki biyu ne ke gaban mai motar a Birtaniya. Na farko na gareji ne, wato a sauke motar daga ruɓaɓɓen shasi a ɗora ta a kan sabo. Na biyu na ofis ne, kuma shi ya fi hana mutane barci: a gamsar da hukuma cewa motar da ta fito daga gareji ita ce dai wadda ta shiga.

Abin da ya sa shasi ke riga bodi lalacewa

An fara nuna Land Rover ga duniya a bikin baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilun 1948. Lokacin ƙarfe ya yi ƙaranci a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka kamfanin Rover ya ƙera bodin da alminiyom, wanda ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Shasin kuwa da baƙin ƙarfe aka yi shi, falle huɗu da aka haɗa da walda suka zama kamar dogon akwati mai rami a ciki. A kan wannan tsari aka ci gaba, daga samfurin Series zuwa Defender, har aka rufe ƙera tsohuwar Defender a masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairun 2016.

Ramin nan na ciki shi ne matsalar. Taɓo da ruwa suna shiga ta ƙananan kafofi su kwanta, ga kuma gishirin da hukumomi ke barbaɗawa a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Tsatsa sai ta fara ci daga ciki zuwa waje, inda fenti bai kai ba, ido kuma ba ya gani. Wuraren da suka fi saurin ruɓewa sanannu ne ga duk mai irin wannan mota: sandar gicciye ta can baya, da 'yan rassan da suka fito gefe suna tallafe da bodi, da maratayan sifirin. Inda alminiyom ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin danshi kuma, shi ma yakan zagwanye ya zama farin gari.

A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, tsatsar da ta raunana ƙarfe a tsakanin santimita 30 daga maɗaurin sitiyari ko birki ko sifirin ko bel ɗin kujera ta isa ta kayar da mota. Ana iya yin faci da walda shekara ɗaya, a sake a ta biyu, amma akwai ranar da mai walda zai rasa lafiyayyen ƙarfen da zai liƙa facin a jikinsa.

Aikin gareji

A nan tsarin motar yana taimakon mai ita. Da notuna aka ɗaure bodin Land Rover a kan shasi, saboda haka ana iya kwance shi gunduwa-gunduwa ko a ɗaga shi ɗungurungum. Kamfanoni irin su Richards Chassis da Marsland suna sayar da sabon shasi daidai da awon na asali, akasari wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Irin rufin da ke hana kwanon rufi da bokitin ƙarfe tsatsa ke nan, kuma da yake tsomawa ake yi, tutiyar tana ratsa har cikin ramin.

Sai a ajiye sabon kusa da tsohon, a riƙa ɗauke kaya ɗaya bayan ɗaya: sifirin, aksul na gaba da na baya, akwatin sitiyari, inji da giya, tankin mai. Masu hankali ba sa mayar da tsofaffin bututun birki da na mai, sababbi suke sawa tun da hanya a buɗe take. Abin da ke cinye lokaci shi ne notunan da suka shekara talatin ko arba'in ba a taɓa su ba, da kuma daidaita bangon gaba na ƙarfe, wanda idan ya karkace ko kaɗan ƙofofi ba za su rufu daidai ba.

Motocin da ba su da shasi daban, irin su MGB da tsohuwar Mini, bodinsu ne firam ɗinsu. Su kuma kamfanin British Motor Heritage yana buga musu sabon bodi da ainihin injinan bugun da aka ƙera na farko da su, aikin da ya fara da MGB a 1988. A idon doka, sauya irin wannan bodi daidai yake da sauya shasi.

Lambar da ke jikin ƙarfe

Hukumar rajistar motoci da direbobi ta Birtaniya, DVLA, mai hedikwata a Swansea, ba ta san mota da launinta ko siffarta ba. Da lambar shasi ta san ta, wadda ke rubuce a takardar rajista ta V5C, kuma a Land Rover an buga ta a jikin ƙarfen shasin, ɓangaren dama ta gaba. Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya ga yadda jami'in kwastan ke duƙawa ya gwada lambar takarda da ta jikin ƙarfe, ya san nauyin wannan lamba.

To, sabon shasi ba ya zuwa da lambar motar. Wanda ya jefar da tsohon ya jefar da babbar shaidar asalin motarsa, wanda kuma ya sayar da shi da lambar a jiki ya buɗe ƙofar a wayi gari da motoci biyu masu suna ɗaya. Ta wannan ƙofa ɓarayin mota suka daɗe suna bi: su sayi mushen mota mai takardu, su ɗora lambarta a kan wadda suka sato. Land Rover ta fi sauƙin wannan aika-aika, domin kamanninta bai sauya sosai ba cikin gomman shekaru, kuma sassan wata shekara suna hawa kan na wata. Tsaurin DVLA daga nan ya samo asali, ko da yake mutanen kirki ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Shekaru da dama hukumar ta yi aiki da ma'auni biyu. Idan sake gina mota aka yi, za ta riƙe lambarta muddin shasin na asali ne da ba a taɓa ba, ko kuma sabo ne fil mai awo irin na asali, da rasit a hannu, sannan a ce aƙalla manyan sassa biyu na tsohuwar motar suna nan. Idan kuwa sauye-sauyen sun yi yawa, sai a koma lissafin maki. Shasi na da maki 5. Sifirin na gaba da baya maki 2, aksul biyu maki 2, giya maki 2, sitiyari maki 2, inji kuwa, wanda mutane ke ɗauka shi ne zuciyar mota, maki 1 kacal. Ana buƙatar maki 8, kuma dole 5 daga ciki su fito daga shasi.

Ma'anar wannan lissafi ita ce, mutum zai iya sauya inji da giya bai rasa komai ba, amma ya yanke inci kaɗan daga shasi ya rasa motarsa a takarda. Waɗanda suka fi faɗawa wannan rami su ne masu ɗauko shasin tsohuwar Range Rover mai tsawon inci 100 tsakanin tayoyin gaba da na baya, su rage shi zuwa inci 88, su ɗora masa bodin Series don su sami laushin sifirin mai naɗi. Haka ma wanda ya sayi shasi na hannu daga wata motar don rage kashe kuɗi, domin wannan ƙarfe yana da nasa sunan a kundin hukuma.

Lambar Q da gwajin IVA

A wancan tsohon tsari, motar da ta faɗi wannan ma'auni ana ba ta lamba mai farawa da harafin Q, tsarin da aka shigo da shi a 1983 don motocin da ake shakkar shekarunsu ko asalinsu. Lambar Q ba laifi ba ce, ana hawa titi da ita. Sai dai tana karya darajar mota a kasuwa, kamfanonin inshora da yawa suna ɗari-ɗari da ita, kuma ba a ɗora wa motar wata lamba ta zaɓi a madadinta.

Kafin a kai ga lambar ma, sai motar ta ci gwajin IVA, wanda wata hukuma daban, DVSA, ke yi wa mota ɗaya-ɗaya. MOT yana duba ko abin da ke jikin mota yana aiki. IVA yana duba ko ƙirar kanta ta cika sharuɗɗa: ƙarfin maɗaurin bel, tambarin inganci a jikin gilashi, wurin zaman fitilu, hayaƙi, ƙarar salansa, har da kaifin gefuna a ciki da waje. Motar da aka zana a shekarun 1950, mai hinjin ƙofa a waje da gaban direba na tsurar ƙarfe, ba ta cin wannan gwaji sai an yi mata gyaran da zai raba ta da kamanninta.

Akwai kuma kuɗi a cikin maganar. Motar da ta haura shekara 40 tana iya shiga rukunin motocin tarihi, ba ta biyan harajin hanya, kuma ba ta biyan fam 12.50 na kullum da ake karɓa daga motoci masu hayaƙi a yankin ULEZ na Landan. Tun daga 20 ga Mayun 2018 kuma an ɗauke mata gwajin MOT, da sharaɗin ba a yi mata gagarumin sauyi ba cikin shekaru 30 da suka wuce. Ƙa'idar ta fayyace cewa sabon shasi mai tsari irin na asali ba gagarumin sauyi ba ne. Shasi mai wani tsari daban kuwa gagarumin sauyi ne. Abin lura a nan shi ne mai motar ne da kansa ke shaida cewa motarsa ta cancanta, babu jami'in da ke zuwa dubawa, kuma ko an ɗauke mata gwaji, doka na nan a kansa idan aka kama shi da motar da ba ta da lafiyar hawa titi.

Sauyin 2025

Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci, ciki har da tarayyar kulob-kulob ta FBHVC, sun daɗe suna kukan cewa waɗannan ƙa'idoji na shekarun 1980 ne, kuma ana fassara su yadda aka ga dama, har ƙaramin gyara yakan jawo wa mota lambar Q. A watan Mayun 2024 DVLA ta nemi jin ra'ayin jama'a, ta sami amsoshi sama da 1,350. Sababbin ƙa'idoji suka fara aiki ranar 26 ga Agustan 2025.

A sabon tsarin, gyaran da aka mayar da abu irin wanda aka cire, ba tare da an sauya kamannin motar ko bayanan da ke cikin V5C ba, ba ya buƙatar a sanar da hukuma. Motar da aka yi wa babban sauyi a firam, ko aka mayar da ita mai aiki da lantarki, tana iya riƙe lambar shasinta da lambar rajistarta, amma wajibi ne a sanar. Sauya shasi gaba ɗaya yana cikin abin da ake kai wa hukumar rahoto, a fom mai lamba V627/1. Lambar Q ba ta mutu ba, tana nan ga motar da aka kasa tabbatar da shekarunta ko asalinta.

Sassauci ne na gaske, amma nauyin kawo hujja bai bar wuyan mai mota ba. Shi ya sa gogaggun masu wannan aiki suke ɗaukar hoton lambar tun tana jikin tsohon shasi, su ɗauki hoton kowane mataki, su adana rasit mai nuna samfurin da aka saya, su sanar da kamfanin inshora. Da yawa sukan yanke guntun ƙarfen da lambar ke jiki su ajiye tare da takardu, ragowar kuma su daddatsa shi kafin ya tafi wurin masu gwangwan.

Inda maganar ta kai ga ƙwace motoci

Amincewar DVLA ba ta bin mota zuwa ƙetare, kuma babbar kasuwar tsofaffin Defender tana Amurka. A can an sayar da motar a hukumance ne daga 1993 zuwa 1997 kawai, dokar ƙasar kuma ba ta yarda a shigo da motar da ba ta cika sharuɗɗanta ba sai ta kai shekara 25. Wannan ya sa farashi ya yi sama, wasu dillalai suka riƙa ɗora lambar tsohuwar mota a kan sabuwa don ta wuce tashar jiragen ruwa.

A 2013 hukumar kwastan ta Amurka ta murƙushe wata Defender a Baltimore a gaban kyamara saboda an taɓa lambarta. A watan Yulin 2014 kuma jami'an tsaron cikin gida suka bi gidaje a jihohi daban-daban suka ƙwace Land Rover 40 bisa zargin an sauya musu lamba. Masu motocin, waɗanda suka saya da kuɗinsu daga hannun dillali, suka garzaya kotu, suka dage cewa nasu tsofaffin motoci ne da aka yi wa gyara da sababbin sassa. Sai da aka shafe kusan shekara guda ana shari'a kafin gwamnati ta amince, a 2015, ta mayar wa mutanen motocinsu.