Ƙananan Masu Dafa Giya a Birtaniya da Ƙofar Kasuwa da ke Rufe

Ko da yake giya abu ce da shari'armu ta haramta shanta da cinikinta, haramci tabbatacce wanda babu saɓani a kansa tsakanin malamai, duk da haka mai son sanin yadda babban attajiri ke danne ƙaramin ɗan kasuwa ba tare da ya karya doka ba, da wuya ya sami misali mafi bayyana daga abin da ke gudana tsakanin ƙananan masu dafa giya na Birtaniya da mashayun da suke neman sayar wa hajarsu. Saboda haka ne na ga ya dace a dubi al'amarin da idon tijara.

Asalin matsalar daɗaɗɗe ne. Bisa al'adar ƙasar, mashaya da yawa ba mallakar mai tsaronsu ba ne. Haya yake yi, kuma cikin sharuɗɗan hayar akwai cewa ba zai sayi giya ba sai daga hannun mai gidan, a kan farashin da mai gidan ya yanka, wanda galibi ya ɗara na kasuwa. A 1989 hukumar binciken babakere ta ƙasar ta tarar cewa kamfanoni shida, cikinsu har da Bass da Whitbread da Courage, su ke dafa kusan kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar, su kuma ke riƙe da dubban mashayu. Gwamnati ta hukunta cewa duk kamfanin da mashayunsa suka haura 2,000 ya saki rabin abin da ya haura, ta kuma ba 'yan hayarsu izinin sayar da giya guda ta baƙon mai dafawa. Niyyar kyakkyawa ce, amma aka gudu ba a tsira ba, domin mashayun da aka saki sun faɗa hannun wasu sababbin kamfanoni irin su Punch Taverns da Enterprise Inns, waɗanda, da yake ba su dafa giya da kansu, dokar ba ta hau kansu ba, alhali kuwa sun riƙe sharaɗin nan na tilasta saye kamar yadda suka gaje shi. A 2003 aka soke dokar ɗungurungum.

Ana cikin haka, a 2002, Gordon Brown, wanda a lokacin shi ne ministan kuɗi, ya yafe wa duk mai dafa abin da bai wuce lita 500,000 a shekara ba rabin harajinsa. Wannan rangwame ya haifar da abin da ba a taɓa gani ba, domin matasa da masu barin aikin ofis suka yi ta kafa tukwane a rumbuna da ƙarƙashin gadojin jirgin ƙasa, har adadin gidajen dafawa ya tashi daga 'yan ɗaruruwa ya doshi 2,000 cikin ƙasa da shekara ashirin. A nan ne, a ganina, kuskuren hukuma yake, kuma kuskure ne mai nauyi: ta sauƙaƙa wa mutane shiga sana'a, ta bar ƙofar kasuwa yadda take. Masu dafawa suka yawaita, mashayun ƙasar kuwa kullum raguwa suke yi, waɗanda ke da 'yancin saye daga wanda suka so kuma kaɗan ne a cikinsu. Sai ƙananan suka koma karya wa juna farashi a kan famfo ɗaya ko biyu, har rangwamen da aka yi domin su ya zarce aljihun mai saye. Ƙari a kan haka, a wancan lokacin wanda ya ƙetare haddin nan sai harajinsa ya fara hawa, don haka da yawa suka ga tsayawa ƙanana ya fi musu maslaha.

Ko mashayar da ake ce wa mai 'yanci, sau da yawa 'yancinta na suna ne. Babban kamfani shi ke kafa mata bututu da na'urar sanyaya ganguna, ko ya ba ta rance, ko rangwame mai tsoka, bisa sharaɗin cewa famfunanta nasa ne. Ƙaramin mai dafawa kuwa, wanda shi ne direba shi ne mai bin bashi, ba shi da abin da zai yi tayi da shi face kyawun hajarsa. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. Hajar ma ba ta jira, domin giyar ganga irin ta gargajiyarsu, da zarar an buɗe ta, kwana uku ko huɗu take yi ta lalace, mai mashaya kuwa ba ya son kasada da sunan da masu shansa ba su sani ba.

Da manyan suka ga jama'a na karkata ga ƙananan, sai suka saye fitattunsu. AB InBev ta sayi Camden Town a 2015, Heineken ta mallaki Beavertown gaba ɗaya a 2022, aka bar musu sunayensu da tambarinsu, ta yadda mai saye yana zaton yana taimakon ɗan unguwarsu alhali kuɗinsa ƙetare suka nufa. Wannan, ko da doka ta halatta shi, ni ban ga abin da ya raba shi da algus ba.

Annobar korona ta 2020 ta rufe mashayu, aka zubar da gangunan da ba a biya ba, sannan tsadar wuta da ta sha'ir ta biyo baya a 2022, gidajen dafawa da dama suka durƙushe. Dokar 2016, wadda ta ba ɗan hayar kamfani mai mashayu 500 ko fiye damar neman haya marar sharaɗin saye, ta taimaki kaɗan, saboda hanyar neman doguwa ce, kuɗin hayar kuma kan tashi. Masu dafawar da suka rage suna buɗe ɗakin sha a jikin ma'aikatarsu su sayar kai tsaye, ƙungiyarsu ta SIBA kuma ta fito da alamar da ke bambanta mai zaman kansa da wanda aka saye. Majalisar Sikotilan ce ta koma ga tushen lamarin a 2021, da ta zartar da dokar da ta mayar wa ɗan haya haƙƙin sayar da giyar baƙo, haƙƙin da 'yan hayar Ingila suka rasa tun 2003.