Aikau da Karɓau a Gaban Kotu: Tuhumar "Gazawa Wajen Kare Yara" a Jihar Niyok

1. Gabatarwa

A wannan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda ginin jimla yake iya raba uwa da ƴaƴanta. Misalinmu ya fito daga Amurka, inda ake gurfanar da mahaifi a kotun iyali bisa tuhumar cewa ya gaza kare ɗansa daga cutarwar wani.

2. Shari'ar Nicholson

A shekarar 1999, a birnin Niyok, uban ɗiyar wata mata mai suna Nicholson ya doke ta har aka kwantar da ita asibiti. Hukumar kula da yara ta birnin ta ɗauke ƴaƴanta biyu. A takardun tuhuma irin wannan, hukumar takan rubuta cewa uwa "ta shiga rikicin cikin gida" a gaban yara. Mu lura da nahawun. A zahiri uwar karɓau ce, an doke ta. A takarda kuwa ta koma aikau, wadda ta yi wani abu. Hausa ma tana da wannan tarko: "sun yi faɗa" da "ya doke ta" ba ɗaya ba ne, domin jimlar farko tana raba laifi biyu.

Ita da wasu iyaye mata suka kai ƙara kotun tarayya. A 2002 alƙali Jack Weinstein ya hana birnin ɗauke yara don kawai an doki uwarsu. Birnin ya ɗaukaka ƙara, aka miƙa tambayoyin doka ga babbar kotun jihar.

3. Sifofi biyu

Hukuncin 2004 ya tsaya kan sifofi biyu na dokar kotun iyali. Na farko, haɗarin da ake tsoro ga yaro sai ya kasance na kusa. Yiwuwarsa kawai ba ta isa ba. Na biyu, abin da doka take nema daga mahaifi shi ne mafi ƙarancin kulawa, ba mafi kyawunta ba. Saboda haka ganin yaro ana dukan uwarsa bai isa shi kaɗai a ce uwar ta yi sakaci ba.

Tun 1982, a ƙarar da iyalan Santosky suka ɗaukaka, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kafin a yanke haƙƙin iyaye ɗungurungum, ɗan rinjayen shaida bai wadatar ba, sai shaida bayyananna mai gamsarwa.

4. Kammalawa

Ga masu fassarar shari'a, abin kiyayewa shi ne su tambayi kowace tuhuma: wa ya yi, wa aka yi wa? Tafinta da ya ce "an yi faɗa" inda shaida ta ce "ya doke ta" ya riga alƙali yanke hukunci.