Zorro: Jarumin da ya yaƙi kwamanda, ya kare mulkin Sifaniya

A ranar 10 ga Oktoban 1957 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna Zorro, shirin kamfanin Walt Disney mai dogon zango. Kashi 78 aka yi cikin shekara biyu, kowanne na rabin awa, a hoto baƙi da fari.

Labarin ya faru ne a 1820, lokacin Los Angeles ƙaramin gari ne a yankin Kalifoniya, ƙarƙashin mulkin mallakar Sifaniya. Don Diego de la Vega, ɗan wani attajiri mai gonaki, ya dawo daga karatu ya tarar Kyaftin Monastario na gasa wa jama'a aya a hannu. Da rana sai ya zama rago mai son littafi da kiɗa. Da dare kuwa ya rufe fuska, ya hau baƙin dokinsa Tornado, ya bar wa azzalumai harafin Z da tsinin takobi. A Sifaniyanci Zorro sunan wata dabba ce dangin dila, sarkin wayo. Baransa Bernardo bebe ne da ke nuna kamar ba ya ji, don haka kowa ke sakin baki a gabansa.

Sai dai takobin yana da iyaka. Zorro yakan ceci 'yan asalin ƙasar idan kwamanda ya sa su aikin dole, amma bai taɓa tambayar yadda ƙasarsu ta koma hannun irin mahaifinsa ba, alhali dubbai daga cikinsu sun mutu a sansanonin mishan kamar San Gabriel, akasari saboda cututtuka. Ko Monastario ma, wakilin Sarkin Sifaniya ne ya zo ya tuɓe shi a kashi na 13. Daga nan Zorro ya koma yaƙar wani maƙarƙashiya da ake kira Mikiya, wanda ke neman ƙwace Kalifoniya ya sayar. A zahiri kuwa, shekara ɗaya bayan lokacin labarin Meziko ta ƙwaci 'yanci, Kalifoniya ta fita daga hannun Sifaniya.

Ba rashin masu kallo ya tsayar da shirin a 1959 ba, rikici ne tsakanin Disney da ABC. Guy Williams, wanda ya fito a Zorro, ya koma Ajantina inda ake matuƙar ƙaunarsa, a Buenos Aires ya rasu a 1989.