Masana Na Neman Man Kumbo Marar Guba

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ma'aikatan da ke ɗura wa tauraron ɗan'adam mai, zai lura suna cikin wata riga mai rufe jiki ruf, har da iskar shaƙarsu ta dabam. Dalili kuwa shi ne haidarazin, man da aka fi shekara 50 ana amfani da shi wajen juya taurarin da daidaita zamansu a sararin samaniya. Yana ƙona fata, yana lahanta huhu da hanta, ana kuma zarginsa da jawo ciwon daji.

Haɗarinsa bai tsaya kan ma'aikata kaɗai ba. A watan Fabrairu na 2008 sojojin ruwan Amurka suka harbo wani tauraron ƙasarsu da ya lalace, bisa hujjar cewa tankinsa na ɗauke da wajen kilo 450 na haidarazin, ana tsoron ya faɗo cikin jama'a. A 2011 Tarayyar Turai ta sanya man cikin jerin sinadarai masu tsananin haɗari.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa neman madadinsa. Suwidin ce ta fara gwada nata, mai suna LMP-103S, a kan tauraron Prisma a 2010. A watan Yuni na 2019 hukumar NASA ta Amurka ta harba nata tauraron gwajin da wani man, AF-M315E. Dukansu biyu wasu irin gishiri ne da aka narkar, ba sa tashin tiriri mai guba kamar haidarazin. Na Amurkan ma, safar hannu da tabarau da rigar ɗakin gwaji sun wadatar da mai ɗura shi, kuma aikin da cikin tanki guda nasa ke yi ya ɗara na haidarazin da kusan kashi 50 cikin 100.

To, me ya hana a yi watsi da tsohon? Amsa ita ce zafi. Sababbin man sun fi haidarazin zafin wuta nesa ba kusa ba, don haka dole a ƙera injin da ƙarafa masu tsada irin su iridiyam da reniyam, a kuma ɗumama shi sosai kafin ya kama. Bugu da ƙari, wanda ya zuba miliyoyin daloli a tauraron da zai shekara 15 a sama, inda babu makanike, ba ya saurin rabuwa da abin da ya sani. Shi ya sa ƙananan taurari ne suka fara karɓar sabon man, yawancin manyan kuwa suna nan da na dā.