Maganin fesawa a hanci

Garin Yauri yana kusa da Matamaye, cikin jihar Damagaram. Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa watan Maris, iskar hunturu tana busowa daga gabas maso arewa. Tana ɗauko ƙura daga hamada, har daga ƙasar Cadi. A lokacin ne kuma mata suke sussuka da shiƙar hatsi, ƙaiƙayi yana tashi ko'ina.

Wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da ƙura, ko ƙaiƙayi, ko bununi. Da sun shaƙa sai atishawa, da majina mai ruwa-ruwa, da ƙaiƙayin ido. Hanci kuma ya toshe. Likitoci suna kiran wannan alerji. Ba a ɗaukar sa daga wani kamar mura.

Me yake toshe hanci?

Mutane da yawa suna zaton majina ce kaɗai take toshe hanci. Ba haka ba ne. A cikin hanci akwai wata fata mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Idan ƙura ta dame ta, jijiyoyin sukan cika da jini, fatar ta kumbura, hanyar iska ta matse. Shi ya sa mutum yakan yi ta fyacewa, amma hancin bai buɗe ba.

Yadda maganin yake aiki

A farmasi akwai wani magani cikin ƴar ƙaramar kwalba, wanda ake fesawa a hanci. Wani irinsa sunansa oksimetazolin, an fara haɗa shi a ƙasar Jamus a shekarar 1961. Wani kuma sunansa zailometazolin. Aikinsu ɗaya ne: suna tsuke jijiyoyin nan, kumburi ya saɓe. Cikin minti 5 zuwa 10 hanci ya buɗe, kuma yakan kai awa 10 a buɗe.

Amma maganin ba ya warkar da alerji. Hanya kawai yake buɗewa na ɗan lokaci.

Inda haɗarin yake

A ɗauki misalin manomi mai aikin rake a lambu. Hancinsa ya toshe, ya fesa magani, ya yi barci da daɗi. Sai ya ci gaba da fesawa kullum. Bayan mako guda, da ƙarfin maganin ya ƙare, hancin yakan toshe fiye da dā. Ya sake fesawa. Dā sau 2 a yini, yanzu sau 5 ko 6. Ba ya zuwa ko'ina sai da kwalbar a aljihu.

Me ya faru? Jijiyoyin hancinsa sun saba da maganin. In babu shi sai su kumbura. Yanzu ba ƙura ce take toshe masa hanci ba, maganin ne da kansa. Cikin hancin kuma yakan bushe, har ya yi haɓo.

Saboda haka ne aka sa wa maganin iyaka. A Amurka ana rubuta kwana 3 a jikin kwalbar. A Faransa ba a yarda a wuce kwana 5 ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, wannan magani baƙo ne, bai kamata ya zama ɗan gida ba.

Wanda ya riga ya saba da shi, ya je wurin ma'aikacin lafiya. Idan ya daina, hancin zai toshe na wasu kwanaki, sa'an nan ya koma daidai.

Su wa bai kamata su fesa ba?

Na farko, yara. A Faransa an hana shi ga wanda bai kai shekara 15 ba. Ɗan makaranta kada ya taɓa kwalbar babansa. Ƙaramin yaro in ya sha ko da ɗan kaɗan ne, barci mai nauyi yana iya kama shi, numfashinsa da bugun zuciyarsa su ragu. A gaggauta kai shi asibiti. A riƙa ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kai.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, su ma kada su fesa sai da izinin likita.

Yadda babba zai yi amfani da shi

1. Ya saya a farmasi, ba wurin masu talla a kasuwa ba. Ya duba ranar ƙarewar aikinsa.
2. Ya wanke hannu, ya fyace majina a hankali.
3. Ya ɗan sunkuyar da kai. Ya juya bakin kwalbar wajen kunne, ba tsakiyar hanci ba.
4. Ya fesa gwargwadon yadda aka faɗa masa, kada ya ƙara.
5. Ya goge bakin kwalbar, ya rufe. Kowa da kwalbarsa, ba a aro.
6. Ya ƙirga kwanakin. Kwana 3 sun isa.

Abin da ya fi sauƙi

Riga-kafi ya fi magani. A rufe hanci da rawani ko ƙyalle ranar hazo da wurin sussuka. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. A wanke hanci da ruwan gishiri: giram 9 na gishiri cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Ana sayar da irinsa haɗaɗɗe a farmasi, kuma yara ma ana ɗiga musu. Wanda alerji yake damunsa kowane hunturu, likita yana da wasu magungunan da suka dace da dogon lokaci.

Idan toshewar hanci ta zo da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sandarewar wuya, kada a tsaya neman maganin fesawa. Rani lokacin sanƙarau ne. A tafi asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Me yake toshe hanci?
2. Don me ba a wuce kwana 3 ana fesa maganin?
3. Su wa bai kamata su fesa ba?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri?